Na warke, yanzu ga wata a hannuna: in faɗa wa uwarta ko in riƙe rantsuwa?

Ɓoyayyiya, unguwar Zariya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na roƙi mai kula da zaure ta ɓoye sunana, domin da yawanku kun san gidanmu, kuma maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Shekarata 26. Ina ajin ƙarshe na lise na kamu da ciwon da likitoci ke kira anoreksi, wato mutum ya riƙa hana kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba, alhali tukunya cike take a gidansu. Ni ƴar lukuta ce tun ina ƙarama. A lakol buhun gero ake ce mini, in yi dariya tare da su, in na koma gida in shige ɗaki in sha kukana. Sai na yi taifot na faɗa, da na koma aji kowa na cewa kai, ashe kyakkyawa ce. Wannan yabon shi ya ja mini. Na fara da barin tuwon dare, na ɗora da azumin Litinin da Alhamis, har innata na alfahari gaban maƙwabta wai ɗiyarta ta kama ibada. Kwanona kuwa almajirin gidanmu ne ya san daɗinsa, yana kumatu ina ƙarewa. A watan Afrilu, zafin Maradi da kuka sani, ni ina cikin rigar sanyi. Al'ada ta ɗauke, gashi na bin matsefi. Aka ce olsa, aka ce iska, aka yi ruƙiyya, wata a unguwa ma ta ce sida ce, har sau biyu ana ɗibar jinina. Ba wanda ya kawo a ransa cewa ni ke ƙin ci, ni ma da kun tambaye ni a lokacin rantsuwa zan yi lafiyata lau.

Allah ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya da ta gane abin, da gwaggona da ta ɗauke ni gidanta wata takwas. Duk cin abinci tana gefena, tana tsinkar zogale tana ba ni labarin duniya, ba ta tashi sai na gama. Shekara uku ke nan ina ci kamar kowa. Ban ce muryar nan mai cewa kin yi ƙiba ta mutu ba, amma ta yi ƙasa sosai.

To ga abin da ya kawo ni. Wata biyu da suka wuce muna gidan biki, mu shida kan faranti ɗaya, sai idona ya kai kan ɗiyar maƙwabtanmu, shekararta 17, bana za ta yi bak, jarrabawar gama lise. Hannunta bai daina motsi ba amma shinkafar gefe take turawa, loma ɗaya sai ta juya ta sau goma. Da uwarta ta zo wucewa ta cika baki da sauri. Ana ɗauke faranti ta zari buta, ta daɗe, ta fito idanu jajur tana murmushi. Jikina ya yi sanyi, kamar ni ce aka ajiye a gabana. Bayan kwana biyu na ja ta gefe na ba ta labarina, ban tambaye ta komai ba. Ta fashe da kuka.

Tun daga nan kullum bayan la'asar tana zuwa wurina da sunan ina koya mata lissafi. Ta ce wani lokaci takan wuni ba ci, in dare ya yi yunwa ta rinjaye ta ta ci har ta kasa numfashi, sai ta je ta amayar. Kafin ta faɗa mini haka sai da ta sa na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba, ni kuwa na rantse, don ina tsoron ta yi shiru. Satin da ya wuce ta sauka daga kabu-kabu ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar gida, aka ce rana ce. Ni ta gaya mini da dare zuciyarta kan riƙa tsalle kamar za ta fito.

Kuma akwai abin da nake jin kunyar rubutawa. Ta fara tambayata kilo nawa na kai a lokacin da na fi ramewa, da yadda na yi gidanmu ba su gane ba. Ban ba ta amsa ba, amma tun ranar lambar ke yawo a kaina. Sau biyu a satin nan na bar kokon safe da sunan na makara. Shekaranjiya a shagon tela na tsinci kaina na juya gefe ina kallon cikina a madubi, abin da na shekara ban yi ba. Ga azumi ya kusa.

In faɗa wa uwarta, na ci amana kuma na karya rantsuwa, ƙila yarinyar ta guje ni ta rasa mutum ɗaya tal da ta buɗe wa ciki. In yi shiru, ina tsoron ranar da za ta faɗi ba ta tashi ba. In janye, wa zan bar wa ita? Ku ba ni shawara don Allah.

Hajiya ta Mokoyo

Ikon Allah. Ɗiyata, ki yi haƙuri da ni, amma mu da muka ga 2005 a ƙasar nan, muka ga mata daga ƙauyuka sun yi layi da goyo ana auna damtsen yara, wannan magana ba ta shiga kunnenmu. Garin da tamowa ke kashe yara ne za a ce ga abinci an ƙi ci? Ƙoshi ne da kallon waya. A zamaninmu ramammiya ake yi wa gori. Ki gaya wa uwarta yau ɗin nan, a saya mata maganin cin abinci, Deksa ko irin na ruwan nan, sati biyu za ku ga ta ciko. In ta gama jarrabawa a yi mata aure, duk wannan zai wuce.

Mai kula da zaure

Na goge saƙo uku: biyu na masu tallar haɗin ƙiba, ɗaya na wadda ta rubuta kilonta da abin da take ci a rana. Kada a sake sa lamba ko hoton jiki a ƙarƙashin wannan magana, akwai masu karantawa da ciwon ke jikinsu yanzu haka.

Ma'aikaciyar jinya, Tibiri

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na yi shekaru ina aiki a sashen yara masu tamowa, don haka na san abin da idonki ya gani. Amma wannan ciwo ne na daban, a ƙwaƙwalwa yake farawa sannan ya ci jiki. Tun 1873 likitoci a Ingila da Faransa suka bayyana anoreksi, shi kuma na ci a amayar, bulimi, wani likita Gerald Russell ya fayyace shi a 1979. Anoreksi na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Deksa kuwa don Allah a bar ta. Kumburin fuska da tara ruwa take sawa a ɗauka ƙiba ce, tana iya jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, wanda ya daɗe yana sha kuma in ya bari lokaci guda yana iya shiga hatsari. Yarinyar da ke tsoron ƙiba in ta wayi gari fuskarta ta kumbura, ƙara tsananta wa kanta za ta yi. Aure kuma ba ya warkar da shi, sai dai a ƙara mata ciki a jikin da bai iya riƙe kansa ba.

Ke kuma ƙanwata, abu ɗaya a cikin saƙonki ya hana ni wucewa: suma da bugun zuciya. Yawan amai na zubar da wani sinadari a jini da ake kira potasiyom, shi ke daidaita bugun zuciya. In ya yi ƙasa sosai zuciya na iya rikicewa ta tsaya, ko da yarinya ba ta rame can ba. Mai bulimi sau da yawa jikinta kamar na kowa yake, shi ya sa gida ba sa ganewa. Wannan ba abin jira har bayan bak ba ne. A cikin satin nan tana buƙatar likita ya auna tansiyo, wato awon jini, da bugun zuciya tana kwance da tana tsaye, a yi analiz ɗin jini a duba potasiyom da sauran gishirin jini, in da hali a ɗauki hoton bugun zuciya. Kuma a faɗa wa likitan gaskiya cewa tana amai da gangan, in ba haka ba maganin olsa zai rubuta ku dawo gida. Ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, in shi ya fi sauƙi, ku nemi takardar turawa babban asibiti, can ku tambayi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In ta sake suma, ko ƙirji ya riƙe, ko ta ga jini a amai, ko jiki ya saki ta kasa tashi, ko ta ambaci ta gaji da rayuwa, a wuce asibiti a take ko ƙarfe biyun dare ne.

Sai abu na biyu, don na san halin gidajenmu. Ranar da uwa ta ji, za ta dama fura da nono kwano guda, ga nama ga ƙwai, ta ce sai an cinye. Ku tuna yadda muke yi da yaro mai tamowa mai tsanani: ba ma fara masa da abinci mai nauyi, madarar F-75 muke ba shi kaɗan-kaɗan, sai jiki ya daidaita a koma F-100 ko Plumpy'Nut. Dalili, jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadarai irin su fosfat kan faɗi a jini, zuciya ta kasa. Babba ma haka ne in ya daɗe ba ya ci sosai. Likita ne zai ce ga yadda za a fara. Kafin nan, ki ce mata in ta yi amai kada ta goge haƙora nan take, ta kuskure baki da ruwa, don tsamin ciki ya riga ya tausasa bayan haƙori.

Malamar Islamiyya, Bagalam

Wa alaikumus salam. Maganar rantsuwa ce ta fi tsaya miki a rai, to ita ce mai sauƙi. Ya tabbata daga Annabi (SAW) cewa wanda ya yi rantsuwa a kan wani abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Kaffarar na cikin Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, azumin kwana uku sai ga wanda bai samu hali ba. Ke dai ki ciyar. In kuɗin sun gaza ki yi magana, mu nan za mu haɗa miki mudun gero, kada ki ce za ki biya da azumi.

Ramadan kuma, Allah da kansa ya ɗauke wa marar lafiya a Baƙara aya ta 185, ya rama a wasu kwanaki. Ciwon da ba a gani da ido ma ciwo ne. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar da ita, ta sha, ba ta da laifi. Ke ma ki kai naki lamarin ga wadda ta yi jinyarki tun kafin a ga wata, kada ki yanke wa kanki hukunci, don kin faɗa da bakinki cewa da azumi ciwon ya ɓuya a karon farko.

Saƙonki ya tuna mini Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi (SAW) ya ƙulla musu ƴan'uwantaka a Madina. Salmanu ya kai masa ziyara ya tarar ya takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare, har matarsa ta koka. Aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce ci, ni ina azumi, Salmanu ya ce ba zai ci ba sai shi ma ya ci, ya kuwa ci. Da dare ya hana shi tashi sai can ƙarshen dare, ya ce masa Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi, iyalinka na da haƙƙi. Da maganar ta je gaban Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Buhari ya ruwaito. Kin ga bai tsaya wa'azi daga nesa ba, zama ya yi a gidan har ya kwana.

Wadda ta bi hanyar, yanzu tana Yamai

Ƴar'uwa, na karanta saƙonki sau uku. Ni ƴar Sabon Gari ce, bulimi na yi shekara shida da ita, ina karatu a Faransa aka yi mini magani. A can aka haɗa ni da wata da ta warke, aikinta kawai ta riƙa tafiya tare da ni. Ita ta fi kowa amfanar da ni, don ita kaɗai ba na iya yi wa ƙarya, duk dabarar da na kawo ta riga ni saninta. Amma ki lura da yadda abin yake: ina da likitana, ina da mai ba ni tsarin abinci, ita kanta an ba ta horo kuma tana da wadda take kai wa rahoto in nauyi ya yi mata yawa. Ke yanzu ke ce likita, ke ce uwa, ke ce ma'ajiyar sirri, kuma ba ki da inda kike sauke naki. Ko lafiyayye ba ya ɗaukar wannan.

Ranar farko da muka zauna ta ce mini abu biyu. Duk abin da na faɗa mata tsakaninmu ne, sai fa in raina na cikin hatsari, nan za ta faɗa, kuma za ta sanar da ni kafin ta faɗa. Na biyu, ba za ta taɓa gaya mini kilonta na da ba, ko yadda ta riƙa ɓoyewa. Na ji haushi ƙwarai. Daga baya na gane: in ta ce mini lamba, ba labari zan ji ba, maƙasudi zan samu. Ciwon nan gasa yake so. Wadda ke tambayarki kilo nawa kika kai ba yarinyar ba ce, ciwon ne ke neman malama. Kin yi daidai da kika yi shiru, amma shiru bai isa ba, ki faɗa mata a fili: wannan ba zan ba ki amsarsa ba, yau ko gobe, ga kuma dalili. Abin da za ki ba ta shi ne labarin fitowa. Ranar da kika fara cin ƙosai a bakin titi ba ki ƙirga ba. Ranar da al'ada ta dawo. Yadda karatu ya koma shiga kai. Tana da bak a gabanta, wannan zai fi kama ta fiye da tsoratarwa.

Kada ki yaba jikinta ko ki kushe, ko da cewa kin yi kyau yau ne ko kin ɗan ciko. Kalmar kin ciko ta taɓa mayar da ni baya wata uku, kuma da kyakkyawar niyya aka faɗe ta. Ki ce na ji daɗin hirarki yau, na ga kin yi dariya.

In kuna ci tare, ki ci naki cikakke tana gani, kada ki sa mata ido a baki, ku yi hirar wani abu. Lokacin da ya fi wuya shi ne bayan an gama, rabin awa zuwa awa ɗaya, nan ne tsoro ke tasowa ƙafa ta nufi bayan gida. Nan ake buƙatarki. Ku yi lissafin naku na gaske a lokacin, ko kitso, ko lido. Ni abin da ya karya mini ci-a-amayar shi ne cin abinci a kan lokaci, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa tsakani, kada a wuce awa uku zuwa huɗu ciki ba komai, domin wunin yunwar nan shi ke haifar da cin dare. Amma tsarin nata likita zai sa, ba ke ba.

Kuma kullum ya yi yawa. Sau biyu a sati, da lokacin farawa da na tashi, waya a kashe in an yi sallar isha'i.

Yanzu ke. Koko sau biyu da madubin tela ba ƙaramin abu ba ne, kin sani na sani. Ban ce kin koma ba, amma ƙofa ta buɗe. Ki kira gwaggonki yau, kafin ma ki je wurin uwar yarinyar. In sati biyu suka wuce kina tsallake abinci, ki dakata da zaman nan, ki gaya wa yarinyar gaskiya cewa kina kula da naki ne. Wadda ta riƙe ni ta taɓa yin haka wata guda, kuma a nan na fara yarda cewa neman taimako ba faɗuwa ba ne, tunda ga wadda nake kallo a sama ta nema.

Malama, Allah ya saka, labarin Salmanu ya shige ni. Sai dai kalmar ba zan ci ba sai kin ci, mu irinmu ba ta halatta a bakinmu. Salmanu lafiyayye ne. Ita in ta sa abincinta a ciniki, yarinyar ta ƙi, to su biyu sun kwana da yunwa, ciwon kuma ya ci riba biyu.

Malamar Islamiyya, Bagalam

Gaskiyarki, ban hango nan ba. Ta ɗauki zaman, ta bar sharaɗin.

Ɗalibar likitanci, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Ga masu cewa ciwon Turawa ne. A tsibirin Fiji su ma cikar jiki suke so kamar mu. An kai talabijin wani yankinsu a 1995, wata likita Anne Becker ta bincika ƴan matan makaranta a lokacin ba ta samu mai amai don rage jiki ba, da aka sake dubawa a 1998 sai ga sama da ɗaya cikin goma. Mu nan ma matsin kashi biyu ne, gida a ce ki ciko, waya ta ce ki shafe ciki. A ɗaki ɗaya sai ki samu mai shan maganin ƙiba da mai shan shayin rage tumbi.

Maman ƴan biyu

Ni dai ban yarda ki je bayan idonta ba. Yarinya ƴar 17 in ta ji magana ta fita ba da saninta ba, ta rufe baki ke nan har abada, kuma kin san wasu iyayen da duka za su fara. Ki zaunar da ita ki ce na yi kuskure da na rantse, faɗuwar nan ta canza magana, dole babba ya sani kafin Juma'a. Ki ba ta zaɓi: ita ta faɗa kina gefe, ko ke ki faɗa tana gefe, kuma ita ta zaɓi wa za a fara gaya wa. In uwar mai zafi ce, akwai yaya ko inna ko kaka. Zaɓin da babu shi kawai shi ne a yi shiru.

Wani uba, Ɗan Gulbi

Ku yi haƙuri da shigowar namiji, matata ce ta nuna mini. Mu ɗanmu ne, namiji, don kada a ɗauka na mata ne kaɗai. Yana 16 ya shiga motsa jiki, gudu da asuba gudu da yamma, ya bar tuwo ya bar mai, mu muna murna ba ya zaman fada. Abokinsa ne ya zo ya same ni a shago, yana rawar murya, ya ce Baba ɗanka ba ya cin komai. Na kore shi. Har yau ina jin kunyar wannan, don yaron nan shi ya ceci ɗana.

Ɗiyata, ki shirya, ƙila uwar ta fara da faɗa, ta ce ke kika koya mata, tunda unguwa ta san kin yi irinsa. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da gwaggonki, babba da babba sun fi jin juna, kuma ita ta yi jinyar da hannunta. Kada ku fara da maganar ƙwaƙwalwa, mutanenmu da sun ji haka sai su ce an ce ɗiyarsu ta haukace. Ku fara da faɗuwar da bugun zuciya, ku ce a je a auna jini. Sauran likita ya faɗa.

Abin da na koya a gida: cin taro a faranti ɗaya yana ɓoye mai wannan ciwo, ba ka sanin wa ya ci wa ya yi wasa da hannu. Muka koma zuba masa nasa daban amma a zauna tare. Na daina cin nawa a zaure ni kaɗai, na dawo tabarma cikin yara, abin da ubana bai taɓa yi ba. Na yi tsawa, na yi rarrashi, na yi alkawarin babur, duk ba su yi ba. Likitan ya ce mana ba mu muka jawo ba, shi ma yaron ba shi ya zaɓa ba, amma mu ne za mu ciyar da shi har ya iya da kansa. Ya ɗauke mu fiye da shekara, da komawa baya sau biyu. Kuɗin mota da na analiz ma a tanada, jikka biyar ba ta zuwa ko'ina.

Hajiya ta Mokoyo

To, na ji. Maganar Deksa na janye, ban san tana haka ba, ga jikata ma na sha. Amma a gaya wa uwar, nan ban janye ba.

Ɓoyayyiya, unguwar Zariya

Na gode, Allah ya bar zumunci. Hajiya, jikarki kada ta daina sha lokaci guda, a kai ta likita ya rage mata a hankali, kamar yadda Tanti ta Tibiri ta nuna.

Jiya da dare na kira gwaggo. Ban gama bayani ba ta ce kin karya yau? Na ce a'a. Da safen nan sai ga ta da kwanon koko da ƙosai, ta zauna har na shanye, ba ta ce mini komai ba sai labarin tsadar albasa. Na kuma samu ma'aikaciyar jinyar nan a waya, an canza mata wurin aiki amma ta ce in riƙa kiranta duk Lahadi, maganar azumina kuma sai ta gan ni.

Da la'asar yarinyar ta zo na faɗa mata yadda Maman ƴan biyu ta ce. Ta kira ni maci amana, ta kwashi littattafanta ta fita, ta bar bironta a tabarma. Na yi kuka sosai. Bayan magariba saƙonta ya shigo: ba mamanta ba, yayarta mai aure a Ali Ɗan Sofo, kuma sai in ina wurin. Gobe ƙarfe huɗu za mu je da gwaggo. Tanti ta Tibiri, don Allah ki rubuto mini sunayen analiz ɗin nan da Faransanci ta akwatin mai kula da zaure, in kwafe a takarda, kada mu je gaban likita in rikice.